Sa'o'in da Muka Goge

Litinin, bayan la'asar

Likita ya ce za a sallami Baba nan da mako biyu ko uku idan numfashinsa ya ci gaba da daidaita. Ya ce kafin ranar mu tsayar da gidan da za a kai shi, kuma ya zama inda iska ta fi tsabta, don huhun ba zai ɗauki wani zagaye irin wannan ba. Ya faɗi wata kalma kuma, wadda ba zan rubuta ba tukuna.

Da ya fita, Yaya da Auta suka juyo suna kallona. Baba ma ya buɗe ido ɗaya daga kan gado, robar iska a hancinsa.

"To, Edita," in ji shi. "An zo fanninki."

Na daɗe da barin gidan jarida na koma ofishin kula da iska, amma har yau Edita nake a bakinsa, muƙamin da ban taɓa riƙewa ba.

Gidajen biyu ne. Akwai tsohon gidanmu da ke kan tudu bayan tashar mota, inda aka haife mu duka. Akwai gidan ƙanwata Auta a sabuwar unguwar bakin kogi, inda Yaya ya mayar da Baba farkon damina, lokacin da tarin ya fara. Nawa ba ya cikin lissafi. A hawa na uku nake, ni kaina sai na tsaya a tsakiyar bene na huta.

Na ce su ba ni kwana biyu in duba.

Talata, ƙarfe goma na safe, a ofis

Zan rubuta yadda aikin yake, don in ga ko na gane shi kamar yadda nake zato.

Abin da muke aunawa ido ba ya ganinsa. Ƙwayoyin hayaƙi ne ƙanana, sai an jera kusan talatin kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Hancin mutum ba ya tare su, sukan wuce har can ƙasan huhu su zauna. Muna da na'urori ashirin da 'yan kai a gari, a kan rufin makarantu da asibitoci, duk inda akwai wuta da mai gadi. A ofis hanci muke ce musu. Gari kuwa ya fi ƙarfin hanci ashirin, shi ya sa ake da lissafin da ke cike gurbi. Yakan ɗauki abin da na kusa suka shaƙa, ya haɗa da alƙiblar iska da yawan motoci da hoton tauraron ɗan'adam da abin da ya faru jiya da shekaranjiya, ya ce ga abin da ake shaƙa a titin da ba mu taɓa aunawa ba, awa bayan awa. Boka muke kiransa, saboda yana ba da labarin inda bai taɓa zuwa ba. Duk Juma'a ya fitar da taswira, ni kuma in rubuta sanarwar da ke raka ta zuwa jaridu da rediyo.

Na buɗe taswirar shekara. Bayan tasha ja. Bakin kogi kore shar. Amsar a fili take, na gan ta nan take, amma na kai hantsi ina kallonta. A cikin koren nan Baba ya yi damina, ya ƙare a gadon asibiti.

Wanda ya gina Boka teburinsa na kusa da nawa. Malam Ƙila muke ce masa, don ba ya gama magana bai saka kalmar ba.

"Malam, da mahaifinka ne, ina za ka kai shi?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Taswira ba ta san mahaifin kowa ba, Malama. Matsakaici take bayarwa. Ƙila ciwon ne ke tafiya da ƙafarsa, ko a ina mutum yake kwana."

"Ƙila."

"Kin gani, har kin fara warkewa daga aikin jarida."

Laraba, da rana

Baba ya ci rabin abincin. Ya tambayi rediyonsa.

Alhamis, da yamma

Na tarar da Auta a bakin famfon asibiti tana wanke kwanuka. Tun da aka kwantar da Baba ba ta yarda mun haɗa ido sosai ba. Yau ita ta fara.

"Anti, wallahi ba abin da ban yi ba. Girki a waje nake yi. Maganin sauro na daina kunnawa. Ɗakin da ya fi kowanne na ba shi, yara suka koma falo. Da asuba in buɗe masa tagogin nan biyu ya sha iskar kogi kamar yadda Yaya ya ce. Amma sai ki ji ya fara, har sai rana ta ɗaga."

"Kullum da asuba?"

"Ai tsofaffi haka suke, da safe tari ke tashi. Nas ma ta faɗa."

Gaskiya ne, na karanta haka ba sau ɗaya ba. Na ce mata babu wanda ya ce laifinta ne. Ta ce ai ba sai an faɗa ba. Na karɓi kwanukan na ɗauraye.

Juma'a, ƙarfe biyu

Sanarwa ta fita. "Unguwannin bakin kogi na ci gaba da samun iska mai kyau." Bara na rubuta jimlar, tun daga nan kwafe ta kawai nake yi. Jimla ce mai tsabta, babu abin da edita zai taɓa a cikinta.

Lahadi, da hantsi

Na kwana gidan Auta, a ɗakin Baba. Na ce mata gidana babu ruwa, ta yi kamar ta yarda.

Da asuba na buɗe tagogin. Farin tururi ya kwanta a kan kogin har ya rufe gidajen ƙetare, ba iska ko kaɗan, ganyen bishiya ko motsi. Kyakkyawan wuri ne, na ga abin da Yaya ya gani. Na tsaya ina shaƙa. Kamar akwai ɗan ƙauri can ƙasa, kamar babu. Ban yarda da hancina ba, domin na zo ne da niyyar jin wani abu.

Mijin Auta ya ce akwai masu gasa bulo a ƙetare, wasu kuma suna yin gawayi can gaba, amma da nisa. Ya ce shi bai taɓa ganin hayaƙinsu ya tsallako ba. Kafin ƙarfe takwas tururin ya watse, sama ta yi tas, yara suka fita wasa.

Silifas ɗin Baba na nan bakin gado, an jera su.

Litinin, bayan azahar

Hanci ɗaya kawai muke da shi a bakin kogi, a kan rufin gidan ruwa. Shi ne ke ciyar da Boka labarin unguwar duka. Ban taɓa buɗe ɗanyen awonsa ba, abin da aka tace ake kawo mini. Yau na buɗe.

Da rana lambobi cike. Da yamma cike. Daga wajen ƙarfe huɗu na asuba zuwa bakwai ko takwas, babu komai. Jiya babu, shekaranjiya babu. Na ja har farkon damina, kusan kowace safiya gurbi ne.

Na juya wa Malam Ƙila allon. "Wuta ke ɗaukewa?"

Ya leƙo. "A'a, ƙa'idar danshi ce. Ni na saka ta."

Ya yi mini bayani a tsaye, kofin shayi a hannu. Hancin nan da haske yake ƙirga ƙwayoyi. In iska ta jiƙe da yawa, ƙwayoyin sukan sha ruwa su kumbura, ɗigon tururi ma ya ƙirga shi a matsayin hayaƙi, sai ya kawo lambar da ba ta da kan gado. Don haka duk awar da danshi ya wuce iyaka, ana goge ta kafin ta isa wurin Boka. Ya ce ko'ina haka ake yi, wanda bai yi ba dariya za a yi masa.

"To gurbin fa, da me Boka ke cikewa?"

"Da yadda safiya take a sauran wurare."

"Sauran kuma duk a kan tudu suke."

Ya ajiye kofin. "Tauraron ɗan'adam fa?" na ce.

"Da hantsi yake wucewa." Ya ja kujera ya zauna. Bai ce ƙila ba.

Ba a jefar da sa'o'in ba, suna nan a ajiye a gefe. Ya dawo da su. Lambobin asubar gidan ruwa sun ninka na bayan tasha a mafi munin yammacinta.

"Ruwa ne," ya ce. "Abin da ya sa ake gogewa ke nan. Dubi yadda suka yi tsalle."

"Duka ruwa ne?"

Ya daɗe yana kallo. "Ko kuma hayaƙin da ya sha ruwa. In sanyi ya kwanta a kwari, duk abin da aka ƙona da dare a nan yake kwana, ba ya tashi sai rana ta ɗaga shi. Daga nan ba zan iya raba miki su ba."

Talata, da safe

Akwai hanyar rabawa. A sito akwai tsohon inji mai zuƙo iska ta cikin farar takarda. A busar da takardar, a auna nauyinta. Ruwa zai bushe ya tafi, hayaƙi zai zauna. Sai dai yana son safiya da yawa kafin a tara abin aunawa, ɗakin gwaji kuma sai sun bar takardar ta kwana biyu a ɗakin bushewa, sun auna, sun sake bari, sun sake aunawa, kafin su sa hannu.

Darakta ya saurare mu yana juya biro.

"A ina za a kafa?"

"A barandar wani gida a unguwar, ranka ya daɗe. Akwai wuta, akwai tsaro."

"Gidan wa?"

Na faɗa masa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya tambayi jikin Baba, ya sa hannu. Ya ce har sai sakamako ya fito, taswira tana nan yadda take, kada ya ji maganar a waje.

Laraba, da magariba

Mun kafa. Malam Ƙila ya saita shi ya riƙa tashi da asuba ya mutu da hantsi. Yana ƙara kamar tsohon firiji. Auta ta tsaya a bakin ƙofa hannu a ƙugu.

"Gidana ake bincika ke nan."

"Iska ake bincika."

"Iskar ai ta gidana ce, Anti."

Ta kawo wa Malam ruwa. Ni ba ta tambaye ni ba.

Alhamis

Kwana biyun da na nema sun zama goma. Yaya ya kira sau uku. Na ɗauki na uku na ce ina taro.

Juma'a, da yamma

Na sake kwafe jimlar bakin kogi a sanarwa.

Yaya ya tare ni a barandar asibiti, makullin mota a hannu, alamar ba zama zai yi ba.

"Ke, wai me ake jira? Auta ta ce kin kai mata janareto."

Na yi masa bayani a taƙaice, yadda aka koya mana: abin da aka sani, abin da ba a sani ba, ranar da za a sani.

"Ni ban yi karatunku ba," ya ce, "amma ina da ido. Ki je tasha da yamma ki tsaya. Baƙin hayaƙi har a kwalar riga. Can kuma ruwa da itatuwa. Sai ki ce in mayar da mai ciwon huhu bayan tasha saboda wani abu da ba a gani?"

"Ban ce ba tukuna."

"Kuma a jarida na gani. Da sunan ofishinku. Na yanke na kai wa Baba, na ce ga abin da 'yarka ta rubuta. Don shi ya yarda ya bar gidansa."

Wata nas ta zo wucewa da keken magani, muka matsa mata. Da ta wuce sai ya ce ya sayo lemo yana mota, in aika a ɗauko.

Asabar, da rana

An cire wa Baba robar iska na awa biyu, ya jure. Yana zaune, rediyo a cinya, yana yi wa mai karanta labarai gyara.

"Edita, Bokan naku me ya ce?"

"Ya ce ƙila."

"Wannan ai ko ni zan iya. Nawa ake biyansa?" Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, muka jira ta wuce. Da ya huta ya ce, "Kada ku yi faɗa a kaina. Gidan Auta akwai yara, akwai hira. Gidana akwai ni. Duk inda kuka aje ni zan zauna. Amma ki faɗa da bakinki, kada ki turo mini taswira."

Na gyara masa matashi. Wuyansa ya rame, maɓallin sama na rigar ya daina taɓa fata.

Lahadi, da la'asar

Na je tsohon gida na buɗe. Warin rufaffen ɗaki, gizo-gizo a bayan ƙofa, famfon tsakar gida na ɗiga. Na share ɗakin baya, wanda tagarsa ke kallon lungu.

Hancin da ke rufin makarantar kusa da mu bai taɓa rasa awa ba, tudu ne, danshi ba ya kai iyaka. Na san labarin gidan nan awa bayan awa. Daga la'asar sakaliya, lokacin da manyan motoci ke ɗumama inji, har bayan isha'i, iska ba ta da kyau. Sauran yinin da dama-dama. Asuba lafiya lau. Mugun da aka san lokacin zuwansa ana iya rufe masa taga.

Na zauna a dakalin ƙofa har motocin suka fara. Yaya bai yi ƙarya ba, ana ganinsa da ido.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya

Malam Ƙila ya zo da taswira biyu, ya ce a kansu ya yi hutun mako. A ta farko ya bar ƙa'idar yadda take. A ta biyu ya mayar da sa'o'in asuba, ya rage musu abin da yake ganin kason ruwa ne.

A ta farko bakin kogi ya fi bayan tasha tsabta, amma da ɗan kaɗan, in aka cire yammacin da za a iya rufe taga. A ta biyu kwarin kogin duka ya yi ja, ja mai duhu, tun daga gidan ruwa har gada, kamar an ja layi da alli.

"Wacce ce gaskiya?"

"Tsakaninsu take. Kusa da wacce, takarda za ta faɗa." Ya tattara su, sannan ya ce, murya ƙasa, "Shekara uku ina alfahari da ƙa'idar nan. Har a taro na gabatar da ita, aka tafa."

"Ƙa'idar ba ta yi ƙarya ba."

"Ba ta yi ba. Shiru ta yi, Boka ya amsa a madadinta."

Na yi lissafina a hanya. In na kai shi bayan tasha alhali ruwa ne, zai shaƙi abin da ya yi rayuwarsa yana shaƙa, taga a rufe da yamma. In na kai shi bakin kogi alhali hayaƙi ne

Bas ta iso, ban ƙarasa ba.

Talata

Ba komai. Baba ya yi barci sosai. An yi ruwa da rana.

Laraba, da hantsi

Likita ya ce jibi za a sallami Baba. Jikin ya yi kyau fiye da zatonsa, kuma suna bukatar gadon. Na ce ko za a ƙara mana mako guda. Ya ce asibiti ma ba wurin mai raunin huhu ba ne, kowane tari na ɗakin nan yana iya zama nasa.

Mun je mun cire takardar. Malam ya ɗauko ta da ɗan hantsaki ya sa a gwangwani. Ta shiga fara, ta fito ruwan toka. Auta ta leƙo ta kafaɗata.

"Wannan daga iskar?"

"Launi ba nauyi ba ne, Hajiya," in ji Malam. "Takarda takan yi duhu da abu kaɗan. Ƙila ba wani abu ba ne."

"Malam, kai ko an tambaye ka sunanka, ƙila za ka ce?"

"Ya danganta da mai tambaya."

Ta yi dariya, karo na farko a makonnin nan. Sannan ta koma ta sake kallon gwangwanin.

Ɗakin gwaji sun ce awo na farko Asabar, na biyu Litinin. Na roƙa. Matar ta ce takarda ba ta san sauri ba, in aka auna ta da laima a jiki an ɓata aikin duka. Na san haka. Na roƙa ne kawai.

Alhamis, bayan magariba

Mun haɗu a gefen gadonsa, mu uku. Baba ya kashe rediyo da kansa.

Na shirya bayani tun a mota, da in kaza ne da in kaza ne. Da na buɗe baki sai na ga yana kallona.

"Tsohon gida," na ce. "Ɗakin baya. Ni zan koma can in zauna da shi."

Yaya ya ce, "Sakamakon ya fito?"

"Bai fito ba."

"To kin tabbata?"

"A'a. Amma can za a kai shi."

"In kuma ya fito ya ce ruwa ne?"

"Sai ka zo ka faɗa mini duk abin da ke bakinka, in tsaya in ji."

Ya juya makullin a yatsa. Ya dubi Baba. Baba ya ce, "Edita ta rufe shafi." Yaya ya ce shi dai ya faɗi nasa, kuma ƙarfe nawa zai kawo mota.

Auta ta tattara kwanuka ta fita. Na bi ta har bakin famfo, na tsaya. Ita ce ta ce, ba tare da ta juyo ba, Baba ba ya shan shayi da zafi, sai an juye masa a kofi biyu, kuma in ya ce ya sha maganin rana in duba kwalbar.

Juma'a, ƙarfe uku

Kafin in tafi ɗauko shi na cire jimlar bakin kogi daga sanarwa. A madadinta na rubuta: "Ofishin ba shi da cikakken awo na sa'o'in asuba a unguwannin bakin kogi, ana kan bincike." Na sa ta a farko. Darakta ya karanta sau biyu, ya ce gaskiya ce, ba zai hana ba, amma a mayar da ita ƙarshe kada a tayar da hankalin mutane kafin Litinin. Na ce masa jarida daga ƙasa take yanka in wuri ya ƙare. Ya ce ya sani.

Taswirar ta fita da korenta.

Juma'a, bayan isha'i

Baba ya shiga da ƙafarsa, Yaya na riƙe da gwiwar hannunsa. Ya tsaya a tsakar gida ya ce wa ya bar famfo na ɗiga. Auta ta zo da jakarsa da silifas da bargon da ta saya masa, ta shimfiɗa gadon da kanta, ta ce ban iya ba. Na rufe tagogi kafin motoci su fara. Na toshe ƙasan ƙofa da tsohon tawul. Ya ce an mayar da shi kurkuku a gidansa, a ba shi rediyo.

Asabar, da safe

Ya yi tari da asuba, amma gajere. Safiya ɗaya ba ta nuna komai. Da wani ne ya kawo mini ita a matsayin hujja, da na mayar masa.

Jaridu biyu sun ɗauki sanarwar. Duka sun yanke layin ƙarshe.

Asabar, da la'asar

Malam Ƙila ya kira daga ɗakin gwaji. An yi awo na farko. Takardar ta bushe, nauyin bai tafi ba. Ya ce in aka raba shi da iskar da injin ya zuƙa, asubar barandar Auta ta kusa ninka yammacin bayan tasha sau biyu. Ya ce kada in faɗa wa kowa, ma'auni kan yi kuskure, takarda ɗaya ce daga baranda ɗaya. Ya ce ya riga ya fara rubuta wa Darakta.

Na kira Auta. Na faɗa mata yadda ya faɗa mini, har da kashedin. Ina jin yaranta suna gardama a kan wani abu a bayanta.

"To mu fa, Anti?"

Na ce su bar tagogi a rufe har rana ta ɗaga, kuma in tana so su zo nan su kwana biyu, ɗakin gaba babu kowa. Ta ce za ta yi magana da babansu. Ta tambaya ko ya sha maganin rana. Na ce ya ce ya sha. Ta ce in duba kwalbar. Na duba, bai sha ba.

Yaya ban kira shi ba tukuna. Motoci sun fara ɗumama inji, na tashi na rufe tagogi. Baba na barci, bakinsa a ɗan buɗe, ina jin numfashin daga nan.

Takardar ta koma ɗakin bushewa. Awo na biyu ranar Litinin da safe, sai an yi shi za a sa hannu.